Tsakanin Bakin Majinyaci da Alƙalamin Likita: Ma'anar Kalmomin Cuta da Magani

Duk wanda ya taɓa raka mara lafiya asibiti a garin Kaduna, ko Barau Dikko ne, ko Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, ko Gwamna Awan a Kakuri, ya san hanyar da magana take bi kafin ta zama magani. Majinyaci ya zauna gaban likita ya faɗi abin da yake damunsa da Hausa, likita ya saurara ya rubuta a kati da Turancin da galibin kalmominsa daga Latin da Girkanci aka aro su, sannan a kai takarda taga wurin mai ba da magani, shi kuma ya sake mayar da ita Hausa a taƙaice, ya ce: "Baba, ɗaya da safe, ɗaya da rana, ɗaya da dare, bayan an ci abinci." Kafin ƙwaya ta shiga baki maganar ta sauya harshe sau biyu, kuma a kowace sauyawa akwai ma'anar da take zubewa a hanya ba tare da ko ɗaya daga cikin mutum ukun ya ankara ba.

Akan ɗora laifin a kan Hausa, wai ba ta da kalmomin likitanci. Ni ban gamsu da wannan ba. Harshen da ya bambanta ƙyanda da ƙarambau da agana tun kafin a gina asibiti ko ɗaya a Arewa, yake da tsargiya da kurkunu da maƙoƙo da tundurmi da dundumi da farfaɗiya, ba za a kira shi matalauci a wannan fage ba, kuma wanda ya buɗe ƙamusun Bargery na 1934 zai tarar da sunayen cututtuka birjik. Inda gizo yake saƙar shi ne ma'aunin da kowane ɓangare yake raba cututtuka da shi. Bahaushe ya saba raɗa wa cuta suna daga abin da ido ya gani ko jiki ya ji, shi kuwa likitancin asibiti yana raɗa suna ne daga sanadi, ko daga gaɓar da ta kamu da irin ɓarnar da aka yi mata. Saboda haka kalma ɗaya ta Hausa takan lulluɓe cututtuka huɗu ko biyar waɗanda maganinsu bai haɗa hanya ba. Wanda yake son ya fahimci maganar asibiti dole ne ya fara da raba abu uku da muke cuɗa su wuri guda: alama, wato abin da aka gani ko aka ji, cuta, wato abin da ya lalace a jiki, da sanadi, wato abin da ya lalata shi.

Zazzaɓi alama ce. Ma'anarsa a asibiti ita ce zafin jiki ya tashi daga wajen digiri 37 da aka saba ya kai 38 ko ya wuce, kuma jikin ne da kansa yake ɗaga zafinsa don ya yaƙi abin da ya shige shi. Abin da ya shige shin yana iya zama ƙwayar maleriya da macen sauro take ɗauko wa mutum, yana iya zama ciwon huhu, ko ciwon kunne ga yaro, ko cutar mafitsara, ko ƙyanda, ko sanƙarau, ko zazzaɓin Lassa. Da yake Najeriya ita kaɗai tana ɗauke da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya, kamar yadda rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya suke nunawa, ba abin mamaki ba ne da zazzaɓi da maleriya suka zama abu ɗaya a bakin mutane, musamman da damina. Wanda ya fara cewa "zazzaɓin cizon sauro" ya yi wa harshen nan hidima, domin ya haɗa alama da sanadinta a cikin suna guda. Abin da ya rage shi ne mu yarda cewa idan an tsaga yatsa an yi gwajin nan na minti 15 zuwa 20 aka ce babu maleriya, ba a ce mutum lafiyarsa ƙalau ba, kuma ba a ce na'urar ta lalace ba; an ce ne a nemi sanadin zazzaɓin a wani wuri.

Daga nan ne taifot yakan shigo magana, har "maleriya da taifot" suka zama kamar tagwaye a takardun gwaji. Taifot cuta ce ta hanji da jini wadda wata ƙwayar bakteriya take kawowa ta gurɓataccen ruwa ko abinci. Gwajin da aka fi yi mata a nan shi ne na Widal, wanda wani likitan Faransa mai wannan suna ya fito da shi a 1896, kuma ba ƙwayar cutar yake nema ba, sawun da garkuwar jiki ta bari yake aunawa. A wurin da mutane da yawa suka taɓa haɗuwa da ƙwayar ko danginta a baya, gwajin yakan nuna sawu ga mutumin da ba shi da cutar a yanzu, kuma ita kanta maleriya takan rikita shi. Tabbaci yana samuwa ne ta hanyar shuka jinin a ɗakin gwaji a jira kwanaki a ga ko ƙwayar za ta tsiro. Mutane nawa ne suka sha kafso na kwana goma a kan taifot ɗin da ba su da shi, wannan tambaya ce da ya kamata ta dami duk mai kula da lafiyar jama'a.

Kalmar da ta fi kowace nuna girman wannan matsala a wurina ita ce shawara. Idan farin ido ya koma rawaya, fitsari ya yi ja kamar shayi, Bahaushe ya ce shawara ce, kuma ya faɗi gaskiyar abin da ya gani. A asibiti kuwa rawayar ido alama ce ta cewa wani sinadari mai suna bilirubin ya taru a jini. Wannan sinadari yana fitowa ne idan jajayen ƙwayoyin jini sun tsufa sun fashe, hanta ta tace shi, ta zuba shi a matsarmama, ya bi hanji ya fita. To, ana iya samun cikas a wuri uku. Ko dai jinin yana fashewa da yawa fiye da yadda hanta za ta iya tacewa, kamar yadda yake faruwa a maleriya mai tsanani da amosanin jini. Ko hantar ce da kanta ta kamu. Ko kuwa hanyar fitar ce ta toshe da tsakuwar matsarmama ko da ƙari. Kama da wane ba ta wane: ido iri ɗaya ne, amma na farko maganin maleriya ko ƙarin jini yake bukata, na biyu kulawar hanta, na uku kuwa wataƙila sai an yi tiyata. Wanda ya je ya ce a ba shi "maganin shawara" ya nemi abin da babu shi a matsayin abu guda.

Ciwon hanta shi ma kashi-kashi ne. Nau'in A da E ta ruwa da abinci ake ɗaukarsu, kuma yawanci sukan wuce, ko da yake nau'in E yana da haɗari ƙwarai ga mai juna biyu. Nau'in B da C ta jini suke bi: daga uwa zuwa jariri wajen haihuwa, ko ta askar da aka yi wa wani aiki da ita ba a tsabtace ba, ko allurar da aka maimaita, ko saduwa. Babban abin da kalmar shawara take ɓoyewa shi ne cewa mai ɗauke da nau'in B yana iya yin shekara ashirin idonsa fari fat, yana cin abinci yana zuwa aiki, alhali hantarsa tana ƙanƙancewa a hankali. Binciken ƙasa da aka gudanar a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manya a Najeriya suna ɗauke da shi. Cewa "ban taɓa yin shawara ba" ba shaida ba ce, gwajin jini ne shaida. Sai kuma wata cutar daban da sauro yake kawowa, wadda ake yi wa matafiya rigakafinta a ba su katin nan mai launin rawaya, ita ma shawara muke ce mata. Ga kuma shawarar jarirai, wadda sau da yawa takan wuce da kanta a cikin mako biyu, amma idan ta bayyana a ranar haihuwa, ko ta sauko har tafin hannu da tafin ƙafa, ko jariri ya daina kama nono, sinadarin yana iya haurawa ƙwaƙwalwa ya bar yaro da kurumta ko naƙasar da ba ta gyaruwa. Maganinta a asibiti shi ne a kwantar da jariri ƙarƙashin wata shuɗiyar fitila, kuma kafur ɗin da ake zubawa a akwatin kayan jarirai yana daga cikin abubuwan da suke fasa jinin wasu jariran su tsananta ta.

Basir kuwa a tasha ake jin faɗinsa. Wanda ya tsaya a Kawo ko Mando ya saurari lasifikar masu tallar magani zai ji an jera masa ciwon baya, kasala, kumburin ciki, rashin cin abinci, ƙaiƙayi, zubar jini, har da raunin mazakuta, duk a ƙarƙashin suna ɗaya. A ma'anar likita basir abu ne ƙayyadadde, wato kumburin jijiyoyin jini da suke bakin dubura, wanda yawan yunƙuri wajen bahaya da taurin ciki da juna biyu suke jawowa. Jini ta dubura kuwa alama ce kawai. Yana iya zama basir ɗin, yana iya zama tsagewar fatar wurin, ko atini, ko sankarar hanji. Na fahimci dalilin da ya sa kalmar ta yi faɗi haka: sutura ce. Dattijo ba zai iya kallon ɗan cikinsa ya kwatanta masa abin da yake gani a bayan gida ba, amma zai iya cewa basir ne ya taso masa, kowa ya kawar da kai. Kunya ɗabi'a ce mai kyau, sai dai a nan tana da tsada, domin mutumin da ya haura arba'in, yake ganin jini, yanayin bahayarsa ya sauya, yana ramewa, idan ya shekara yana shan jiƙo a kan basir, zai iya isa asibitin koyarwa na Shika a lokacin da aikin da za a yi masa ya riga ya wuce.

Sanyi ma haka yake. Ciwon sanyi na maza cuta ce da ake ɗauka ta saduwa, sanyin ƙashi ciwon gaɓɓai ne, sanyin da ya kama ƙirjin yaro sau da yawa limoniya ce, sanyin mata kuwa yana iya zama naman gwari ne ya yi yawa, ko rikicewar ƙwayoyin da suke zaune a wurin tun asali, ko cutar da sai an yi wa miji magani tare. Kalmar aro ta "infekshin" da ta yaɗu yanzu ba ta gyara komai ba. A asibiti tana nufin duk wata ƙwayar cuta da ta shiga jiki, ko a haƙori ne ko a yatsa, amma a cikin gari ta zama sabuwar rigar sanyin mata. Jijiya ita ma kalma ɗaya ce da take ɗauke da hanyar jini mai fita daga zuciya, da mai komawa, da igiyar da take kai saƙon ƙwaƙwalwa, da wadda ta ɗaure tsoka da ƙashi, don haka "ciwon jijiya" bai gaya wa likita komai ba sai an nuna wurin an kwatanta yadda ciwon yake.

A nan ne ya kamata a tsaya a kan "ƙwayar cuta", domin a kanta ake asarar kuɗi da rayuka. Halittu huɗu ne mabambanta muke kira da wannan suna: bakteriya, da bairos, da naman gwari, da 'yan cin-jiki irin na maleriya da tsutsar ciki. Magungunan da ake kira antibayotik, waɗanda tarihinsu ya faro daga fenisilin da Alexander Fleming ya gano a Landan a 1928, bakteriya suke kashewa, ba bairos ba. Mura bairos ce, yawancin tari da ciwon maƙogwaron hunturu bairos ne, yawancin gudawar yara ma haka, don haka kafso mai ja da rawaya ko filajin da ake saye saboda su ba ya taɓa su ko kaɗan. Abin da yake yi shi ne ya horar da bakteriyar da take jiki ta koyi kare kanta. Mutane sukan ce "jikina ya saba da maganin", amma ba jikin ne ya saba ba, ƙwayar ce ta bijire, kuma bijirarriyar ƙwaya tana tsallakawa daga mutum zuwa maƙwabcinsa. An ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai wannan bijirewa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 1.27 a duniya kai tsaye.

Akwai kuma sunayen da suka zo da bayanin sanadi a cikinsu, wani daidai, wani kuskure. Shan inna suna ne da ya jingina shanyewar ƙafar yaro ga iska, alhali bairos ne da yake bi ta ƙazanta ya shiga baki, kuma da ɗigon rigakafi aka kai ga shelanta Afirka ta rabu da nau'insa na asali a watan Agusta na 2020. Hawan jini suna ne mai kyau, amma an fahimce shi a matsayin ciwon ɓacin rai, wanda yake zuwa idan an shiga damuwa ya tafi idan hankali ya kwanta. Ma'anarsa ita ce ƙarfin da jini yake bugun bangon jijiya ya zauna a 140 bisa 90 ko sama a awo fiye da ɗaya. Lambar sama ita ce lokacin da zuciya ta matsa, ta ƙasa kuwa lokacin da ta saki. Yawancin masu shi ba sa jin komai. Wata goggona ta sha maganinta wata uku, aka auna aka ce mata jini ya sauka, ta yi hamdala ta ajiye sauran ƙwayoyin, domin a fahimtarta an ce ta warke. Da na tambaye ta, sai ta ce: "Ɗana, ai mai lafiya ba ya shan magani." Bayan 'yan watanni ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Ba gardama ta yi ba, kuma ba sakaci ba ne, kalma ce ba a fassara mata ba. Likitoci suna raba cuta mai zuwa farat ɗaya, wadda suke rubuta wa acute, da mai zama tare da mutum, wadda suke rubuta wa chronic, kuma wannan ta biyun ba tsanani take nufi ba kamar yadda ake zato, daɗewa take nufi. Hawan jini da ciwon suga da asma da farfaɗiya da cuta mai karya garkuwar jiki duk shawo kansu ake yi, kuma saukar lambar awo shaida ce cewa maganin yana aiki, don haka a ci gaba da shi.

Masu shirin aure su ma sukan cuɗa gwaji biyu. Rukunin jini, wato A da B da AB da O, shi ake dubawa idan za a yi ƙarin jini. Jinotayif kuwa, wato AA da AS da SS, shi ne ya shafi amosanin jini, kuma idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. Lissafin sabo ne a kowane ciki, ba wai ɗa ɗaya cikin huɗu aka ƙayyade ba.

Su kansu dogayen kalmomin da suke tsorata mutane a jikin kati ba su da wani sirri, gini ne na gutsattsari. Duk kalmar da ta ƙare da -itis kumburi take nufi, sai a duba farkonta a ga gaɓar: hepat- hanta ce, nephr- ƙoda, gastr- tumbi, arthr- gaɓa. Hyper- yawa ne, hypo- ƙaranci, -ectomy cirewa ta tiyata. Mutumin da ya riƙe waɗannan 'yan kaɗan zai karanta rabin abin da aka rubuta a kansa. Kalmar positive a takardar gwaji tana nufin an ga abin da aka nema, negative kuwa ba a gan shi ba, ko da kuwa abin da aka nema ɗin cuta ce ko juna biyu. Ƙari ma ba duka ne sankara ba: akwai mai zama inda ya fito, akwai mai yaɗo, kuma sai an yanki ɗan tsokarsa an duba a madubin gwaji ake rabewa.

Idan aka bar ɗakin likita aka zo taga, sai a shiga wani sabon harshe. Kowane magani yana da suna biyu: sunan sinadarin da yake aikin, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya take tsarawa tun 1953 don ya zama ɗaya a ko'ina, da sunan kasuwa da kamfani ya raɗa masa. Panadol sunan kasuwa ne, sinadarinsa farasitamol, kuma wannan sinadari yana cikin magungunan mura da na ciwon jiki da yawa masu wasu sunaye. Babba bai kamata ya wuce giram 4 a yini ba, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, domin abin da ya haura haka hanta yake ci. Wanda ya sha Panadol ya ɗora maganin mura a kai, ya ƙara da na ciwon jiki, yana ganin magani uku ya sha, alhali abu ɗaya ya ninka sau uku. Sunan sinadari shi ne wanda ake rubutawa da ƙananan haruffa a ƙarƙashin babban suna a jikin kwali, kuma shi ya kamata mai hawan jini ko ciwon suga ya haddace ko ya ɗauki hotonsa a waya, maimakon ya ce "ƙaramar farar nan". Ƙarshen sunan ma yana nuna dangi: -cillin dangin fenisilin ne, -dipine da -pril na hawan jini ne, -prazole na gyambon ciki.

Lambar da take gaban suna ƙarfin ƙwaya ɗaya ce, ba adadin da za a sha ba. Misali mafi kusa shi ne maganin maleriya na artemether da lumefantrine, wanda Najeriya ta koma gare shi a 2005 bayan kulorokwin ya daina tasiri. Akwai kwali mai ƙwaya 24 masu ƙarfin 20/120, ana shan huɗu-huɗu, akwai mai ƙwaya 6 masu ƙarfin 80/480, ana shan ɗaya-ɗaya. Jimillarsu ɗaya ce: sha shida a kwana uku, na biyu bayan awa 8 da na farko, kuma da abinci mai maiƙo ko madara domin jiki ya tsotse shi sosai. Wanda ya ji sauƙi a rana ta biyu ya ajiye sauran don wani lokaci bai gama kashe ƙwayar ba.

Gajerun haruffan takardar likita daga Latin suke: od sau ɗaya a yini, bd sau biyu, tds sau uku, qds sau huɗu, nocte da dare, prn idan bukata ta taso. Idan aka rubuta 5/7 ana nufin kwana biyar, 2/52 mako biyu, 1/12 wata ɗaya. Sai dai "sau uku" da muke fassarawa da safe, rana da dare, ga antibayotik tana nufin tazarar awa takwas-takwas, domin kada ƙarfin magani ya faɗi a jini. Wanda ya sha ƙarfe takwas na safe, da biyu na rana, da takwas na dare, ya bar giɓin awa 12. Da za a ce masa bayan Asuba, bayan Azahar, da lokacin kwanciya wajen ƙarfe goma, da an fi kusa da abin da likita ya nufa, kuma wanda ba da lokutan salla yake lissafi ba yana iya saita ƙararrawar waya. Cokali a harshen magani mililita 5 ne daidai, cokulan gida kuwa girmansu ya bambanta, don haka ɗan kofin da ya zo a cikin kwali ko sirinji marar tsinke shi ne ma'aunin yaro, kuma nauyin yaron ake bi fiye da shekarunsa.

"Magani bai karɓe ni ba" jimla ce da take ɗauke da abu biyu. Akwai illar da aka san magani da ita, kamar ƙaiƙayin kulorokwin da manya suke tunawa, ko baƙin bahaya ga mai shan maganin ƙarin jini, ko busasshen tari ga wasu masu shan dangin -pril. Wannan ana iya jurewa ko a sauya. Akwai kuma borin jini, inda garkuwar jiki take ɗaukar magani a matsayin abokin gaba, fata ta yi ruɗu-ruɗu, leɓe ya kumbura, numfashi ya sarƙe, ko baki da ido su saɓule. Wannan na gaggawa ne, kuma sunan maganin ya zama abin da mutum zai riƙa faɗa wa kowane likita har ƙarshen ransa. A nan ne haɗi yake nuna haɗarinsa. Idan mutum ya ce: "Malam, a haɗa mini na ciwon jiki na ɗari biyar," aka ɓare ƙwayoyi biyar masu launi daban-daban aka ƙulle masa a leda, bai san sunan ko ɗaya ba. Sau da yawa akan haɗa biyu daga dangi ɗaya, kamar ibuprofen da diclofenac, waɗanda suke cin bangon tumbi suna gajiyar da ƙoda, kuma idan abin ya ɓaci babu mai iya gaya wa likita abin da aka sha.

Ba na cikin masu zagin masu kemis. A Rigasa ko Hayin Banki, ƙarfe goma sha ɗaya na dare, su ne ƙofar da take buɗe, kuma da yawansu mutanen kirki ne masu tausayin unguwa. Amma kemis da famasi ba ɗaya ba ne a doka. Mai famasi ya yi shekara biyar ko shida a jami'a, kamar Ahmadu Bello a Zariya ko Jami'ar Jihar Kaduna, yana karantar haɗa magani da yadda yake aiki a jiki, ya ƙara da shekarar horo. Lasisin mai kemis kuwa, wanda majalisar kula da harkar magunguna ta ƙasa take bayarwa, ya tsaya ne ga magungunan da ba sa bukatar takardar likita, a cikin ƙunshinsu na asali, kuma bai haɗa da yin allura ko ɗaura ƙarin ruwa ba. Allura ba ta fi ƙwaya ƙarfi ba, hanya ce kawai ga wanda ba ya iya haɗiya ko yake bukatar gaggawa. Ƙarin ruwa kuwa ruwa ne da gishiri ko suga, yana ceton wanda amai da gudawa suka tsotse, amma yana iya cika huhun mai ciwon zuciya ko ƙoda.

A jikin kwali akwai sauran kalmomi uku da suka cancanci a duba. EXP ranar ƙarewar aiki ce, kuma idan wata da shekara kawai aka rubuta, ƙarshen watan ake nufi. Wannan rana ta dogara da cewa an ajiye maganin ƙasa da digiri 30, abin da maganin da ya yini a faranti ana yawo da shi cikin zafin Maris da Afrilu bai samu ba. Garin antibayotik na yara da aka zuba wa ruwa kuwa kwanakinsa ƙidayayyu ne, yawanci mako ɗaya ko abin da aka rubuta a kwalba. Sai lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna da aka kafa a 1993, wadda take shaida cewa an yi wa maganin rajista. Ga magungunan gargajiya da aka zuba a kwalba, lambar matakin farko tana nufin an duba cewa shansu ba ya cutarwa, ba ta nufin an tabbatar suna warkar da jerin cututtukan da mai talla yake karantowa. Jabu ma iri biyu ne a ma'anar da aka daidaita a 2017: wanda kamfanin gaske ya yi amma bai cika ma'auni ba ko ya lalace a hanya, da wanda aka ƙera da gangan don yaudara. Kankare lambar sirri a tura ta saƙon waya, tsarin da aka fara a 2010, yana taimakawa wajen gane na biyun.

Shin ana iya gyara ma'anar kalma bayan ta zauna a bakin jama'a? Na ga an yi. Lokacin da cutar nan mai toshe maƙogwaron yara ta ɓarke a Arewa a ƙarshen 2022 ta yaɗu a 2023, ta fi tsanani a Kano, ta kuma taɓa wasu ƙananan hukumomin Jihar Kaduna, ma'aikatan lafiya da gidajen rediyo sun ɗauko tsohuwar kalmar mashaƙo, suka riƙa maimaita ta tare da siffarta: farar yana a maƙogwaro, kumburin wuya, wahalar haɗiya, da rigakafinta da ake yi a mako 6 da 10 da 14 na haihuwa. Cikin 'yan watanni kalmar ta tsuke ta koma sunan cuta guda. Kaduna tana da abin da wannan aiki yake bukata, domin gidan Rediyon Tarayya da yake watsa Hausa tun 1962 yana nan, ga Cibiyar Ido ta Ƙasa, ga asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa, ga masana harshe da likitoci a Zariya. Da shawara ya kamata a fara, a raba ta gida-gida a riƙa faɗin kowace da cikakken sunanta, domin a katin rigakafin yaro allura biyu ne iyaye suke kira "ta shawara": ta ciwon hanta nau'in B da ake so a yi cikin awa 24 na haihuwa, da ta shawarar sauro da ake yi a wata tara. Uwar da aka ce mata an yi wa ɗanta ta shawara ranar da aka haife shi tana da hujjar ƙin dawowa. Abin da ya kamata ta ji daga bakin malamar asibiti shi ne: "Maman yaro, yau ta ciwon hanta aka yi masa. Ta shawarar sauro da ta ƙyanda sai ya cika wata tara, ki dawo da shi da wannan katin."